Koyar da Turanci ga masu jin Sifaniyanci: da me zan faro?

Baban Khadija, Malabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen malaman da ke cikin zauren nan, musamman waɗanda suka taɓa koyar da manya. Ni mutumin Kano ne, Turanci na karanta, na kuma koyar a firamare kafin kasuwanci ya kawo ni Malabo a Gini Ikwatoriya. Ga wanda bai sani ba, Sifaniyanci ake yi a nan, a ofis da makaranta da rediyo, don sai a 1968 suka karɓi 'yanci daga hannun Sifaniya. To yanzu wasu maƙwabta sun roƙe ni in riƙa yi musu darasin Turanci bayan magariba. Akwai direbobi, akwai wata yarinya mai karɓar baƙi a otal, sai samari masu neman aiki a kamfanonin mai, inda ba ka da Turanci ko ƙofa ba za a buɗe maka ba. Suna iya karanta takarda su gane, amma da an shiga hira sai abu ya cakuɗe. Abin da suka fi matsa mini a kai shi ne in koya musu maganganun azanci na Turanci, irin su "it's raining cats and dogs". Har wani ya bugo jerin su daga intanet ya kawo mini, wai mu riƙa haddacewa. Raina bai kwanta da hanyar nan ba. Me ya kamata in sa a gaba?

Malam Bala Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam, ni ban ga laifin ɗaliban nan ba. Harshe ba karin magana ai miya ce ba gishiri. Ko a Hausa, da me ake gane wanda ya tashi cikinta da wanda ya tsince ta a aji, in ba wajen karin magana ba? Ka ba su abin da suka tambaya. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka bari su bi kalma-kalma. Mu idan yaro ya zo da "a bird in the hand is worth two in the bush" ba ma tsayawa kan tsuntsu da daji. Cewa muke ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, nan take ka ga ya gyaɗa kai. Ka nemo musu takwarar kowace magana a harshensu, aiki ya ƙare.

Maman Yusra, Balensiya:
Allah ya gafarta Malam, takwarorin kam akwai su, har da yawa. Wannan ta tsuntsun ma su cewa suke "más vale pájaro en mano que ciento volando", wato gara tsuntsu ɗaya a hannu da ɗari a sama. Ruwan da Bature ke cewa na kyanwa da kare, su da tuluna yake sauka musu, "llover a cántaros", mu kuma kamar da bakin ƙwarya. Inda Bature zai ce abu ya ci masa hannu da ƙafa don tsada, su ido guda yake ci musu. Inda zai ce kana ja masa ƙafa, wato kana zolayarsa, su gashi ake ɗaukar musu, "tomar el pelo". Mutum zai iya kwana yana jero su, kuma da daɗi.

Amma Baban Khadija, a iya zamana a ƙasar nan ta Sifaniya ban taɓa ganin wanda rashin sanin waɗannan ya jefa cikin matsala ba. Abin da ke kayar da su shi ne kalmomin da suka yi kama da nasu, su ɗauka sun sani, alhali ma'ana ta sha bamban. Su da kansu suna kiransu "falsos amigos", abokan ƙarya.

Nakan yi wa matan da ba su jin Sifaniyanci tafinta a asibiti. Wata rana na raka wata baiwar Allah, mura ta kama ta, hanci na zuba, ido ya yi ja. Likitan ya ce zai gwada Turancinsa, ya dube ta ya ce, "You are very constipated." Ta ce a'a. Ya sake nanatawa yana nuna hancinta, ita kuma tana dafe ciki tana cewa lafiyarta ƙalau ta wannan wajen. A Sifaniya "constipado" mai mura ne. A Turanci kuwa "constipated" wanda bayan gida ya ƙi fita ne. Da ba na wurin, Allah kaɗai ya san maganin da za ta fito da shi a ranta cewa shi aka rubuta mata.

Ita wannan yarinya ta otal, yau ɗin nan ka gaya mata kada ta kuskura ta ce wa baƙo "sorry to molest you". A wurinsu "molestar" damun mutum ne kawai, kamar ka ƙwanƙwasa masa ƙofa yana barci. A Turanci kalmar ta koma cin zarafi na lalata. "Sorry to bother you" za ta ce. Haka "embarazada", mai juna biyu ce, ba ruwanta da "embarrassed" na jin kunya. "Éxito" nasara ce, ba ƙofar fita ba. "Parientes" dangi ne gaba ɗaya, "parents" kuwa uwa da uba kaɗai, kuma wannan yana da muhimmanci wajen cike takardar aiki ko ta biza.

Ummi:
Anti, don Allah me ya sa kalmomin suka yi kama haka? Aro suka yi wa juna?

Ɗan Damagaram:
Bari in amsa wa ƙanwata, tunda mu a Nijar ciwon nan ɗaya ne da namu. Ni mushen Ingilishi ne a lakol, wato malamin makaranta, yarana da Faransanci suke zuwa, kuma duk abin da Maman Yusra ta faɗa ina ganin irinsa kullum. Sifaniyanci da Faransanci 'ya'yan Latin ne. Shi Ingilishi asalinsa dangin Jamusanci ne, amma a 1066 Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, fada da kotu suka koma Faransanci na tsawon ƙarnoni, sai kalmomi suka kwarara cikinsa. Daga baya malamai suka ƙara ɗebo wasu kai tsaye daga Latin. Kalma ɗaya ce ta rabu gida biyu, kowace ta yi rayuwarta.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce "actually". A Faransanci "actuellement" yanzu-yanzu ne, a Sifaniyanci ma "actualmente" haka. Sai yaro ya rubuta "actually I live in Zinder" yana nufin a halin yanzu, shi kuwa mai Ingilishi zai ji kamar ana gyara masa magana ne, wato a gaskiya dai a Zinder nake, ba inda kake zato ba. Sai "library", su a ransu kantin sayar da littafi ne. Sai "assist", su halartar taro suke nufi, ba taimako ba. Ka ji an ce "I assisted the meeting". Akwai kuma "support". A harsunan nan biyu kalmar da ta yi kama da ita jurewa ce, haƙuri da abin da ba ka so. Mutum ya so ya ce ba ya iya jure zafi, ya ce "I can't support the heat". Wannan da sauƙi, za a gane. Amma ranar da aka ce masa "we will support you", sai ya ɗauka cewa ake za a yi haƙuri da shi, ya tafi gida ransa a ɓace.

Malam Bala Zariya:
Mushe, bayaninka ya yi. Kuma kun tuna mini wani abu. Mu ma muna da irin wannan zumunci da su ta wajen Larabci, don Musulmi sun yi mulki a Andalus, wato yankin Sifaniya, daga 711 har 1492. Kalmar da muke cewa alƙali su suna da ita, "alcalde", duk daga al-ƙadi, amma a wurinsu magajin gari ne. Ka ga abokin ƙarya tsakanin Hausa da Sifaniyanci ke nan. Sai dai ina nan kan bakata. Waɗannan gyaran kuskure ne. Gyaran kuskure daban, iya harshe daban.

Alhaji ɗan Nima, Bronx:
Salamu alaikum jama'a. Ni ba malamin makaranta ba ne, daga Nima ta Ankara a Gana na zo Amurka, aikin kula da tsofaffi nake yi. Amma a unguwar nan tamu ta Bronx, ka fita ƙofa Sifaniyanci za ka ji kafin Turanci, mutanen Jamhuriyar Dominika da Puerto Rico sun cika ta. Da su nake aiki dare da rana, don haka na ga inda suke tuntuɓe.

Malam Bala, da girmanka, wallahi tunda na zo ƙasar nan ban ji mutum da bakinsa ya ce ana ruwan kyanwa da kare ba. "It's pouring" suke cewa. Abin da ake faɗa kullum ƙananan maganganu ne da ba su cikin jerin da aka kawo wa Baban Khadija. "Hang on", dakata. "My bad", laifina ne. "No big deal", ba komai. "Call in sick", ka buga waya ka ce ba ka da lafiya ba za ka zo aiki ba. "We ran out of gloves", safar hannu ta ƙare.

Ga wadda na gani da idona. Wata sabuwar abokiyar aiki, 'yar Dominika, ta kawo wa wani tsoho shayi. Ta tambaye shi ko yana so, ya ce "I'm good". Ta yi murmushi ta ajiye masa kofi a gaba, ta ɗauka cewa yake lafiyarsa lau. Ya ture, ta sake matso masa da shi. Tsohon ya fusata, ita kuma ta fito tana share hawaye tana tambayata me ta yi. Na ce mata a nan idan an miƙa maka abu ka ce "I'm good", to a'a na gode ke nan. Kalma biyu, ta san kowace tun tana yarinya, amma haɗuwarsu ta ba da wata ma'ana. Irin waɗannan su ne azancin gaske na yau da kullum, su za ka koya musu.

Maman Yusra, Balensiya:
Alhaji ya taɓo inda ke musu ƙaiƙayi. Aikatau masu wutsiya, irin su "give up", "put off", "pick up", "turn down", "look after", su ne dodonsu. Harshensu ba shi da wannan gini, don haka sukan gudu zuwa doguwar kalmar da ta yi kama da tasu. Maimakon "put out the fire" sai "extinguish", maimakon "put up with" sai "tolerate", maimakon "go in" sai "enter". Ba kuskure ba ne, za a gane su, sai dai a ji maganarsu kamar ana karanta takardar gwamnati. Babbar matsalar tana wajen ji. Su suna iya kauce wa ƙananan, amma wanda ke musu magana ba zai kauce ba.

Injiniya Sule:
Ni ta ɓangaren aikin mai zan yi magana, tunda samarin nan can suka nufa. A kan dandamalin haƙa a teku ba wanda zai yi maka karin magana. "Shut it off", "stand by", "back off", "watch out", "hold on", da ƙarfi, ta rediyo, ga ƙarar inji. Wanda ya tsaya yana fassara a ransa zai iya rasa yatsa ko abin da ya fi yatsa. Ka sa su miƙe tsaye a aji, kana ba da umarni suna aikatawa, har jiki ya riƙa amsawa kafin tunani.

Sannan lissafi. Wannan ba wasa ba ne. A Sifaniyanci "billón" miliyan sau miliyan ne, abin da Turanci ke kira tiriliyan. Biliyan ɗin Turanci su "mil millones" suke ce masa, miliyan dubu. Ko Birtaniya ma da irin nasu take bi, sai a 1974 gwamnatinta ta koma irin na Amurka. Ga kuma aya da waƙafi. A rubutun Sifaniya 1.500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, ɗaya da rabi kuwa 1,5 ake rubutawa. A Turanci akasin haka. Ka ɗauki rasit ɗin kanti na nan inda kake ka ajiye kusa da takardar kamfanin Amurka su gani da idonsu. Kwanan wata ma haka, Ba'amurke wata yake fara rubutawa kafin rana, 3/4 a wurinsa huɗu ga Maris ne.

Ɗan Damagaram:
Injiniya, mu ma waƙafin nan haka yake a Faransanci. Ɗalibanmu da ke tafiya karatu Najeriya sukan sha wahalarsa a shekarar farko.

Baban Khadija, Malabo:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Wannan "actually" ɗin kam a aji na jiya ma na ji ta. Amma akwai wani abu da ya keɓanta da garin nan. Mutanen Malabo da yawa suna jin Pichi, wani irin buroka ne da ya samo asali daga Kiriyo na Saliyo. Turawan Ingila ne suka kafa garin a 1827 da sunan Clarence, kafin Sifaniyawa su mai da shi Santa Isabel, kuma mutanen da aka zo da su daga Saliyo da sauran gaɓar teku su suka bar harshen. Duk wanda ya san burokar Najeriya zai tsinci abubuwa da yawa: "sabi", "pikin", "chop". Sai dai suna cusa Sifaniyanci a ciki, musamman wajen ƙirga da ranakun mako. To rabin ajina masu Pichi ne, kunnensu ya saba da kalmomin, bakinsu a sake yake, amma da na ce mu yi jimla sai buroka ta fito. Sauran rabin 'yan garin Bata ne da cikin ƙasa, su nahawu ya zauna amma baki a ɗaure. Na rasa yadda zan haɗa su a tabarma ɗaya.

Alhaji ɗan Nima, Bronx:
Kada ka raba su. Ka zaunar da mai Pichi kusa da ɗan Bata, ɗaya ya ja ɗaya. Kuma kada ka raina musu Pichin nan a gabansu, harshensu ne. Ka nuna musu dai ƙofa biyu ce, su san wadda suke shiga.

Maman Yusra, Balensiya:
Baban Khadija, zan faɗi wata magana, don Allah kada ka ɗauke ta da zafi, don ta shafe mu duka. Akwai kurakuran da ɗalibanka za su yi kai ba za ka ji su ba, saboda Hausa da Sifaniyanci sun haɗu a wurin, Turancinmu na gida kuma ya riga ya saba da su.

Mu muna cewa "ina zuwa" alhali fita muke yi, shi ya sa a Najeriya mutum zai miƙe ya nufi ƙofa yana cewa "I'm coming". Su ma haka suke cewa sak, "ahora vengo", yanzu ina zuwa, suna fita. Ɗalibinka zai ce "I'm coming" ya fice, kai ba za ka ji komai ba. Ba'amurke kuwa zai tsaya yana kallonsa, don a wurinsa mai zuwa tahowa yake. "I'll be right back" ake cewa.

Sai aro. Mu kalma ɗaya ce, ara mini, na ara. Su ma tushe ɗaya ne, "prestar" ba da aro, karɓa kuma "pedir prestado". Don haka "borrow me your pen" tana fita daga bakinsu kamar yadda take fita daga bakin yaranmu. Sai "hacer", wadda ta yi daidai da "yi" tamu, ita ce "do" ita ce "make". Ka ji "I did a mistake", "make me a favour". Sai shekaru, mu ina da shekara talatin, su "tengo treinta años", sai a samu "I have thirty years". Ko "ganar" ɗinsu ma, da ita ake cin wasa, da ita ake samun albashi, sai ka ji wani ya ce "I win good money".

Ni shawarata, ka zauna kai kaɗai ka rubuta wuraren nan da harshenka da nasu suka yi daidai, don nan ne ba mai tsaron ƙofa.

Malam Bala Zariya:
A'a, Hajiya, a nan kam ba zan yi shiru ba. Wane ne ya ce "I'm coming" ɗinmu kuskure ne? Mutum sama da miliyan ɗari biyu ke Najeriya, Turanci ne harshen hukumarsu, sun tanƙwara shi ya dace da bakinsu kamar yadda Amurkawa suka yi. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford da kansa ya shigar da kalmomin Najeriya, har da "okada" da "next tomorrow" da "Kannywood". Shekara da shekaru ina faɗa da wannan tunani a aji, cewa duk abin da ya fito daga bakinmu gurɓatacce ne sai Landan ta sa hannu. Kuma Malabo ɗin nan ai maƙwabciyar Kalaba ce. Direban nan 'yan Najeriya da Kamaru zai fi ɗauka a motarsa, ba mutanen Texas ba.

Maman Yusra, Balensiya:
Allah ya gafarta Malam, ban ce gurɓatacce ba ne, kuma da shi nake magana da 'yan uwana. Amma mutanen nan lokacinsu suke bayarwa bayan sun gaji da aiki, don su samu abin da zai ciyar da iyalinsu. Idan yaro ya zauna gaban mai ɗaukar aiki ya ce "borrow me", ba za a buɗe ƙamus a duba ko Oxford ta yarda ba. Haƙƙinsu ne malaminsu ya gaya musu wannan ta Legas ce, wannan kuma ko'ina za ta shiga. In sun sani, su zaɓa.

Injiniya Sule:
Ku duka kuna da gaskiya ta wani gefe. Kamfanonin Amurka ne suka buɗe harkar mai a can a shekarun 1990, takardun aiki da na kiyaye haɗari duk da Turancinsu ake rubutawa. Amma ma'aikatan da za ka tarar a wurin daga ko'ina suke, 'yan Najeriya, 'yan Filifin, 'yan Indiya, 'yan Sikotlan. Abin da ke aiki a irin wannan taro shi ne Turanci miƙaƙƙe da kowa zai gane. Wanda ya zo da azancin garinsu, ko na Legas ne ko na Landan, shi ake cewa ya maimaita.

Malam Bala Zariya:
To na ji ta aiki. Amma mutum ba inji ba ne, Injiniya. Bayan an sauka daga aiki ai za a zauna a ci abinci, a yi raha. Ranar da ɗalibin nan ya shigo ana zancensa wani ya ce "speak of the devil", in bai san maganar ba zai ɗauka shaiɗan aka kira shi, a yi rigima a banza. Alhali abin da muke cewa ne, ɗan halak ka ƙi ambato.

Maman Yusra, Balensiya:
Wannan kam na yarda, kuma su sarkin Rum suke ambata a wurin, "hablando del rey de Roma". Amma ka lura Malam, misalinka na ji ne. Ya gane in an faɗa, wannan wajibi ne. Ya riƙa jefawa da bakinsa, wannan sai daga baya. Na sha ganin mai koyo ya haddace maganar ya sauya kalma ɗaya, ko ya faɗe ta a inda ba ta dace ba, kamar a gaban shugabansa ko wajen ta'aziyya.

Ummi:
Baba Malam da Anti, ni wata ce ke rikita ni har yau. Idan aka ce "do you mind if I sit here?" me ake amsawa? Ni "yes" ke zuwa bakina.

Alhaji ɗan Nima, Bronx:
'Yata, tambayar ita ce ko zai dame ki. In kin yarda ya zauna, "no, go ahead" ko "not at all". In kin ce "yes" da fuska a ɗaure, kin kore shi. Baban Khadija, ka sa wannan cikin darasin yarinyar otal, za ta ji ta kullum.

Ɗan Damagaram:
Kafin a tashi, kada a manta da furuci, don wani lokaci kalmar daidai ce baki ne ya sauya ta. Masu Sifaniyanci ba sa fara kalma da "s" haɗe da wani baƙi, sai sun sa "e" a gaba, ka ji "eschool", "estop". Mu ma mun san abin nan, mu a tsakiya muke cusa wasali, shi ya sa muke da sitiyari da sukudireba. Ba sa raba "b" da "v". Wasulansu biyar ne kuma ba dogo ba gajere, don haka "ship" da "sheep", "live" da "leave", "fill" da "feel" duk ɗaya suke ji. A nan Bahaushe yana da riba. Kunnen da ke raba gari na mutane da gari na tuwo ba zai kasa jin bambancin nan ba, duk da cewa a Ingilishi ba tsawo kaɗai ba ne, har da yadda baki ke buɗewa. Ka riƙa faɗa musu biyu-biyu suna nuna wanda suka ji. Akwai kalmomin da in aka gajarta wasalinsu zagi suke komawa, kamar ta bakin teku da ta zanen gado, kuma mai aikin otal ba ta da yadda za ta guje musu.

Baban Khadija, Malabo:
Alhamdu lillahi. Ga yadda na tsara. Kowane zama zan faro da abin da ya faru da su a wurin aiki, wa ya ce musu me, me suka amsa. Daga nan mu ciro ƙananan aikatau da abokan ƙarya. Takardar da aka kawo mini ba zan yar ba, zan tace ta, in bar waɗanda ake faɗa da gaske, mu riƙa ɗaukar ɗaya kafin a tashi tare da takwararta a harshensu, kamar yadda Malam Bala ya ce. Maman Yusra, tambaya ɗaya ta rage. Yarinyar otal ɗin nan kullum sai ta ce wa baƙi "please expect here", wani lokacin kuma "I wait you enjoy". Daga ina wannan ya fito?

Maman Yusra, Balensiya:
Daga "esperar". Kalma ɗaya ce a wurinsu ta ɗauki jira, ta ɗauki fata, ta ɗauki sa rai. Turanci ya raba su uku, "wait", "hope", "expect". Kai ba za ka sha wuya ba tunda Hausa ma ta raba. Ka ba ta jimla uku daga teburinta, ta riƙa maimaita su har su zauna: "please wait here", "I hope you enjoy your stay", "we expect him at six". Kuma ka kula da "for" bayan "wait", don su ba sa sa komai a wurin, za ta ce "I wait you". In ka samu dama ka turo mana irin jimlolin da direbobin ke yi, nasu daban ne, na san "subir" da "bajar", wato hawa da sauka, za su ba su aiki wajen "get in" da "get on" da "get off".

Malam Bala Zariya:
Ka turo har da tacacciyar takardar, Malam. Ina so in ga waɗanda ka cire, don akwai waɗanda zan roƙa a mayar.